Ɗan Mai Gumi Ma Yana da Gurbi

Da kai nake, ɗan adaidaita sahu da ke tayar da mashin tun kafin gari ya waye. Da ke nake, mai tuyar ƙosai a bakin titin Kurna. Da ku nake, ɗan dako a Singa, tela a Ƙofar Wambai, bakanike a Ƙofar Ruwa, leburan kamfani a Sharaɗa da Bompai, masinja da mai gadi da mai markaɗe. Duk wanda ke da yaro ko yarinya a aji biyar ko aji shida na firamare a birnin Kano, ya matso kusa, maganar tasa ce.

Da an taɓo zancen sakandare sai ka ji majalisa ta ɗauka: "Ai sai da hanya." "Wa ka sani a ma'aikata?" "Daina wahalar da kanka, an gama raba guraben tun kafin a buga fom." Alfarma kam akwai ta a garin nan, wanda ya ce babu bai zauna a cikinsa ba. Amma ku dubi ɓarnar da wannan magana take yi mana. Ita ce ke zaunar da uba a kan benci har a rufe sayar da fom. Ita ce ke sa uwa ta naɗe hannu har Satumba ta kama, sannan a shiga faɗi-tashi, a jefa yaro duk inda aka ga kujera. Mai alfarma iyakarsa ya ƙwace gurbi ɗaya ko biyu. Wanda ya ƙi nema kuwa, da hannunsa ya miƙa nasa.

Fara da sanin matsayinka. Tun 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa ta ɗora wa gwamnati nauyin karantar da kowane yaro shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. A 2019 gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole har sakandare, a watan Yunin 2024 kuma aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar. Kowa ya san tsakanin abin da ke takarda da abin da ke aji akwai tafiya mai nisa. Mun ga ajin da yara suka cika shi maƙil suna zaune a ƙasa. Duk da haka, sanin dokar yana gyara tsayuwarka a gaban teburin jami'i a ofis. Ba bara ka zo ba. Da kuɗin rasit ɗin da ake karɓa a hannunka a kasuwa da tasha, da harajin da ake zarewa daga albashinka, aka gina wannan ofis. Yi sallama da ladabi, ka zauna da mutuncinka, ka faɗi abin da ya kawo ka.

Ƙofar ba ɗaya ba ce

Abin da ya fi karya zuciyar iyaye shi ne ɗaukar cewa hanya ɗaya ce, in ta toshe shi ke nan. Bari mu lissafa ƙofofin.

Ta farko ita ce makarantun gwamnatin jiha, na jeka-ka-dawo da na kwana. A cikinsu akwai masu tsohon tarihi. Kwalejin Rumfa ta faro ne a 1927 a matsayin makarantar midil ta Kano, marigayi Sarki Ado Bayero ma ya zauna a azuzuwanta. Ga ta 'yan mata ta Dala, ga Shekara a cikin birni. Bayan waɗannan sanannu akwai ɗimbin makarantun unguwanni a Fagge, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo, waɗanda ba a jin sunansu a rediyo, amma a cikinsu za ka tarar da wadda shugabanta jajirtacce ne, malamanta na shiga aji a kan lokaci. Irin wannan ba ta talla. Sai wanda ya tambaya yake gano ta.

Ta biyu ita ce kwalejojin gwamnatin tarayya, waɗanda ake kira makarantun haɗin kai. Sun haura ɗari a faɗin ƙasa. A nan kusa akwai ta Kano a kan titin Zariya, wadda aka buɗe a 1973, da ta 'yan mata a Minjibir, da kuma ta 'yan mata a Kazaure ta jihar Jigawa. Ana shigarsu ne ta jarrabawar kwaman da hukumar NECO ke shiryawa sau ɗaya a shekara. A tsarin da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta bayyana, kashi 60 cikin ɗari na guraben na waɗanda suka fi maki ne, kashi 30 ana raba su tsakanin jihohi, kashi 10 kuma an bar su don wasu buƙatu. Ku sake duba wannan kashi 30 ɗin. Rabo ne da aka ajiye da sunan jiha. Amma in aka fitar da alƙaluman masu rajista, Legas ce ke kan gaba, jihohin da ke can ƙarshen jeri kuma sau tari na Arewa ne. Ke nan akwai abin da aka ware mana, mu ne ba mu miƙa hannu ba. Gaskiya ne akwai kuɗi a ciki, domin a 2023 an ɗaga abin da sabon ɗalibi ke biya zuwa naira dubu 100. Ga mai ƙaramin ƙarfi wannan nauyi ne. Amma wanda ya san da shi tun shekara guda kafin lokaci, da wanda aka faɗa wa saura mako biyu, ba ɗaya suke ba.

Ta uku, wadda iyaye da dama ke mantawa da ita, ba a aji shida take buɗewa ba, sai bayan aji uku na ƙaramar sakandare. Ita ce makarantun kimiyya da fasaha na jiha. A 1977 aka kafa na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa domin jihar ta samar da likitocinta da injiniyoyinta, kuma ta samar. Shiga asibitocin garin nan ka tambayi likitoci inda suka yi sakandare, za ka sha jin waɗannan sunaye biyu, da yawansu kuma 'ya'yan manoma ne da masu ƙaramar sana'a. 'Yan mata ma suna da nasu, irin ta Garko. Hukumar da ke kula da su tana yin jarrabawarta ta musamman, ita ce kuma ke riƙe da kwalejojin fasaha irin na Kano da Wudil da Bagauda, inda yaro ke fita da takarda a hannun dama, sana'a a hannun hagu: wayarin, kanikanci, gini, kafinta. Kai da ka san darajar aikin hannu, kada ka bari wani ya raina maka wannan hanya.

Ta huɗu ita ce makarantun da suka haɗa Larabci da addini da boko. Makarantar koyon Larabci ta Kano, wadda aka fi sani da SAS, ta samo asali tun 1934 a matsayin makarantar horar da alƙalai, kuma irinta sun yawaita a yau. Ɗalibansu na rubuta jarrabawar hukumar NBAIS. Uban da ke fargabar kada boko ya raba ɗansa da karatun addini, ga amsarsa a nan.

Ta biyar ita ce makarantun kuɗi, daga masu tsadar da sai wane da wane, har zuwa na lungu masu rangwame, da na al'umma da unguwa ta haɗa kai ta gina. A nan ne ake buƙatar buɗe ido sosai.

Gani ya kori ji

In za ka sayi hatsi a Dawanau, ba ka yarda da abin da aka shimfiɗa a bakin buhu. Sai ka zura hannu can ciki ka ɗebo, ka murza, ka shinshina. To, don me za ka miƙa ɗanka na cikinka shekara shida saboda fenti mai ƙyalli da allon talla? Idon da kake ciniki da shi kullum ya ishe ka zaɓen makaranta, ko da kai ba ka taɓa zama a aji ba.

Je ka da kanka, ba a ranar bikin yaye ɗalibai ba, a ranar Talata ko Laraba da hantsi, lokacin da ba wanda ya shirya maka. Tsaya a bakin ƙofa tukuna ka saurara. Makarantar da ake karatu tana da irin sautinta: muryar malami ɗaya na tashi daga kowane aji, tsakar fili kuma fayau. In ka ga ɗalibai na zirga-zirga a waje ƙarfe goma sha ɗaya, wasu na haura katanga, ka samu rabin amsarka. Leƙa aji ka ƙirga kawuna. Nemi a nuna maka banɗaki da wurin ruwa, domin inda ba a kula da waɗannan ba, da wuya a kula da abin da ido ba ya gani. In an ce akwai ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ce a buɗe maka. Sau da yawa sunan ne a jikin ƙofa, ciki kuwa ƙura da karyayyun kujeru.

Sannan ka zauna da shugaban makaranta ka yi tambaya ba tare da jin nauyi ba. "Malam, malaman lissafi nawa gare ku? Na Turanci fa? Wanda ya fi daɗewa a cikinsu shekararsa nawa a nan?" Makarantar da malamai ke sauyawa kowane zango, akwai abin da ke korar su, kuma yaronka ne zai biya kuɗin wannan sauyi. In ta kuɗi ce, tambayi shaidar rajistarta da hukumar kula da makarantu masu zaman kansu ta jiha. Tambayi kuma ko ɗalibanta a cikinta suke rubuta WAEC da NECO, ko kwasarsu ake yi zuwa wani wuri. Mai gaskiya ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi, daɗi ma yake ji ya ga uban da ya damu. Wanda ya murtuke fuska kuwa, ya ba ka amsa ba tare da ya sani ba.

Da ka fito, kada ka wuce kai tsaye. Zauna wurin mai shayi ko mai kanti da ke kallon ƙofar makarantar. Su ne suka san ƙarfe nawa malamai ke zuwa, da inda yara ke laɓewa, da ko 'yan daba na tare hanya bayan an tashi. Ke kuma uwa, nemi matar da 'yarta ke aji biyu a can, ki karɓi littafin yarinyar ki buɗe. Ko ba ki iya karanta abin da ke ciki ba, za ki gane jan biro, za ki gane ko shafukan sun cika ko fari fat suke.

Wata makarantar za ta yi maka alƙawarin da ya fi kowanne zaƙi: "Ɗalibanmu ba sa faɗuwa, kiredit tara muke fitarwa." Gudu ka tsira da ɗanka. Inda ake rubuta wa yara amsa a allo ranar jarrabawa, takarda ake sayarwa. Yaro zai fito da kiredit a Turanci da lissafi, ya zauna gaban kwamfutar JAMB shi kaɗai, babu mai raɗa masa komai, asiri ya tonu. In ma ya tsallake, aji ɗaya na jami'a na jiransa. Gumin da ka zubar a rana ya fi ƙarfin a saya da shi takardar bogi.

Lissafin shekara shida

Yawancin yaran da ake cirewa daga makaranta a tsakiyar hanya, lissafin farko ne ya kauce. An dubi kuɗin zango ɗaya aka ce za a iya. Ɗauki takarda, ko ka sa yaron ya rubuta maka: kuɗin makaranta sau uku a shekara, yunifom, takalmi, littattafai, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, kuɗin tara, kuɗin jarrabawar ƙarshe. Sai babban abin da ke cin aljihu a ɓoye, wato kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hawa adaidaita biyu zuwa, biyu dawowa, kwana biyar a mako, kan iya zarce kuɗin makarantar kansa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira dubu 70 ne, kuma mu da ke cikin abin mun san ranar da yake ƙarewa. Yaron da zai taso daga Rijiyar Zaki zuwa Hotoro kullum, zai isa aji a makare kuma a gajiye, ya dawo gida ya rasa islamiyyar yamma. Makaranta mai matsakaicin kyau da ƙafa ke kaiwa ta fi shahararriyar da za a riƙa fashinta duk ranar da aljihu ya yi sanyi.

Daidai ruwa, daidai tsaki. Babu abin kunya a ce ɗanka yana makarantar gwamnati. Abin da ke dasa wa yaro ƙunci a zuciya shi ne a kira sunansa a gaban 'yan ajinsu a ce ya ɗauki jakarsa ya tafi gida saboda bashi, yau a wannan makaranta, baɗi a waccan. In ƙarfinka na ta gwamnati ne, kai shi can da kai a sama, ragowar kuɗin ka saya masa littattafan karatu nasa na kansa, ka haɗa kai da maƙwabta uku ko huɗu ku ɗauki malamin lesin na lissafi da Turanci ku raba kuɗin. Mata kun riga kun san sirrin adashi. Ku ware zubi guda da sunan makaranta, a tsara kwasarsa ta faɗo a watan Agusta, kada biki ko suna ya taɓa shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Sau da yawa abin da ke kayar da ɗan talaka a wannan nema ƙaramin abu ne: takarda ɗaya da ba a tanada ba. Tun yaro yana aji biyar ka haɗa takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, da shaidar ƙaramar hukuma, da lambar NIN, da hotuna, ka zuba su a leda ɗaya ka adana. Dubi sunan da kyau. In takardar haihuwa ta ce Muhammad, ta makaranta ta ce Mohammed, ko shekarar haihuwa ta bambanta, gyara tun yanzu da abin yake da sauƙi. Wannan harafi ɗaya yana iya tsayar da yaro a ƙofar jami'a bayan shekara shida.

Hedimastan firamaren ɗanka shi ne mutum na farko da ya kamata ka riƙe. Je ka gaishe shi tun zangon farko na aji shida, ka ce, "Malam, ina so yaron nan ya zauna kwaman. Yaushe ake fara rajista? Me ya rage masa?" Karɓi lambarsa. Kasa kunne a rediyo, domin a nan ake sanar da fitowar fom da ranakun jarrabawa. In rajistar ta intanet ce, je shagon da kanka ka tsaya a kan mai bugawa, a karanta maka abin da aka cike kafin a tura, ka karɓi takardar shaida ka ajiye. Kada ka rataya burinka a makaranta ɗaya. Nemi uku: wadda kake fata, wadda kake ganin za a samu, da wadda ke kusa da gida ko da sauran sun ƙi.

Za ka gamu da masu cewa, "Kawo wani abu, ina da mutum a ciki." Ba a rasa irinsu a bakin ofisoshi lokacin ɗaukar ɗalibai. Kuɗin da babu rasit, ka ɗauka ya tafi. Shiga ciki ka ga jami'in da abin ke hannunsa. In an ce ka dawo gobe, ka dawo goben. Ranar aiki guda da za ka rasa tana da ciwo ga mai ci daga hannu zuwa baki, amma ka sha rasa irinta saboda zaman makoki da ɗaurin aure. Wannan ma ta cancanta.

'Yarka kuma fa?

A gidaje da yawa, in kuɗi ya gaza, sunan yarinya ake fara sokewa. Sai a ce ta taya inna talla kafin miji ya fito. Amma mu ne dai, in matanmu za su haihu, muke cewa lallai mace muke so ta duba su. Daga wane gida wannan likita ko ungozoma za ta fito, in kowa ya tsayar da tasa a aji shida? Tsoron da iyaye ke ji a kan makarantun kwana ba na banza ba ne. Bayan sace ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara a ƙarshen 2020 da Jangebe a farkon 2021, har Kano sai da ta rufe wasu makarantun kwana da ke bayan gari. In zuciyarka ba ta natsu da kwana ba, ga na jeka-ka-dawo na 'yan mata zalla a cikin gari. Duba katanga, duba mai gadi, duba hanyar da za ta bi, ka haɗa ta da 'yan unguwa su riƙa tafiya tare su dawo tare. Maganin tsoro shiri ne. Zaunar da ita a gida wata asarar ce da ba a ganin girmanta sai an daɗe.

In ba a samu ba

Mai yiwuwa ka yi duk wannan, jerin sunaye ya fito babu na ɗanka. Ranar nan yaron fuskarka zai kalla. Kada ka ce masa daƙiƙi, kada ka ce masa ai dama mu ba mu da kowa. Ce masa, "Saura shekara uku a sake buɗe wata ƙofar, mu fara shiri." Sa shi a ta kusa da gida, ku ɗora ido a kan jarrabawar makarantun kimiyya da fasaha. Ko ita ma ta kuɓuce, a aji biyu na babbar sakandare akwai jarrabawar kwalifayin, wadda gwamnatin jiha ta saba biya wa waɗanda suka ci ta kuɗin NECO. Tafiyar doguwa ce, kuma wanda ya fara a gaba ba lallai ne shi zai ƙare a gaba ba.

In kuma an samu, to aiki ya fara ke nan. Uba, ko ƙarfe goma na dare ka shigo, ce a kawo maka jaka ka gani. Uwa, rage masa aike a lokacin nazari. Ku halarci taron iyaye ku buɗe baki. Makarantar da iyaye ke leƙawa ba ta lalacewa da sauri. Malamin da ya san fuskar uban yaro, kallon da yake yi wa yaron daban ne.

Ku da kuke ɗauke da garin nan a kafaɗa, ku ne kuka gina benayen, kuka ɗinka yunifom ɗin, kuke kai 'ya'yan wasu makaranta kowace safiya. Naku ma su shiga. A wannan makon, ba wata mai zuwa ba, ciro ledar takardu ka duba abin da ya ɓace. Je ka ga hedimasta. Zaɓi makarantu uku ka taka da ƙafarka. Ke kuma ki yi wa uwar adashi magana. Ku gaya wa maƙwabcin da ya yanke ƙauna ya tashi ku tafi tare. Mai nema yana tare da samu. Allah Ya sa albarka a guminku, Ya raya mana zuri'a, Ya sa su fi mu.